Injiniya Ɗayyabu Ashafa da Injinan Awon Jinin da Na Ƙaryata

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Talata, takwas ga watan Zulƙida 1446, wadda ta yi daidai da shida ga Mayu 2025, jim kaɗan bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Injiniya Ɗayyabu Ashafa na unguwar Soron Ɗinki, yana da shekara hamsin da huɗu a duniya. Da hantsin ranar ya yanke jiki ya faɗi a zauren gidansa, yana ƙoƙarin fito da kekensa zai taho aiki. Maƙwabta suka turo shi ta lungu har bakin titi a kan gadon nan mai taya da shi da kansa ya ƙera wa matan unguwar. Kafin a iso da shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya riga ya saki, bai kuma sake magana ba. Likitoci suka ce hawan jini ne ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwarsa. An sallace shi kafin Magariba, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Dandolo.

Sunana Hajo Mikail. Nas ce ni, shekarata ashirin da shida a aikin jinya, goma sha ɗaya daga ciki ina shugabantar ɗakin masu ciki da masu haihuwa a asibitin da marigayin yake gyaran kayan aiki. Ban saba rubutu ba in ba a fayil ɗin majinyaci ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai maganar da ya wajaba iyalinsa su ji daga gare ni, na je gidan sau biyu da niyyar faɗa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina da hannu a sakacin da ya sa ciwonsa ya yi girma ba a sani ba. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai na fara faɗin ko wane ne shi, don a san girman abin da aka rasa.

Injiniya, ka san da faɗa muka fara. Kafin zuwanka, mu nas-nas sunan da muka sa wa shagon gyaran asibiti shi ne Sai Wata Rana, domin duk abin da ya shiga can ya shiga ke nan. A satin da aka kawo ka, injin zuƙe majina na ɗakinmu ya cika wata huɗu a shagon. Na zauna na rubuta takarda mai zafi, irin wadda in na tuna yanzu nake jin kunya, na ba masinja ya kai wa sabon injiniya. Washegari sai ga wani siririn mutum a bakin ƙofa, da 'yar jakar fata a kafaɗa, takardata a hannu ɗaya, injin a ɗaya hannun. Ka yi sallama ka ce, "Wace ce Sista Hajo? Ga injinku ya tashi. Na ga takardar ta yi miki kaɗan, shi ya sa na kawo kaina ki ƙarasa." Duk ɗakin aka kwashe da dariya, ni kaɗai ce ban yi ba, don ban gama fushi ba tukuna.

Na zaci za ka ajiye ka tafi kamar sauran. Sai ka nemi izini, ka ja benci ka zauna a bakin ƙofar ɗakin jarirai, ka fito da ɗan littafi. Kwana uku kana zuwa kana kallon yadda muke aiki, ba ka taɓa komai ba. A rana ta uku ka tambaye ni dalilin da ya sa muka liƙe bakin ƙararrawar kwalbar ɗumama bakwaini da filasta. Na ɗaure fuska na shirya rigima, domin na san laifi ne babba. Na ce maka ƙararrawar ihu take yi ba gaira ba dalili, tana firgita jarirai, iyaye mata su yi ta salati suna zaton ɗansu ne ya tafi. Ba ka yi min wa'azi ba. Ka ce in nuna maka yadda muke ba jaririn madara. Ina zura hannu ta tagar kwalbar ka ce in dakata, ka nuna min yadda gwiwar hannuna ke ture 'yar wayar da ke auna ɗumi. Ashe shekara da shekaru mu ne muke tayar da ƙararrawar da hannunmu. Ka mayar da wayar ɗaya gefen, ka rage ƙarar, ka ƙara 'yar fitila da nas za ta hango daga tebur. Daga ranar ba a sake liƙa filasta a kwalba ba.

A ranar ne ka kafa dokar da muka yi shekara tara muna aiki da ita. Ka fito da salatif biyu daga jaka, kore da ja, ka ajiye a teburina. Ka ce, "Sista, ni cikin inji na sani, ke kuma jikin mutum kika sani. Duk abin da na gyara, ba zai taɓa majinyaci ba sai kin gwada kin manna masa kore da hannunki. In kika manna ja, na koma da shi, ba musu." Ka kuwa riƙe wannan magana. Sau nawa na dawo maka da abu don tayarsa na ƙara, ko don maɓallinsa ya yi wa gajerun nas-nas nisa, ka karɓa kana murmushi kana cewa an kayar da kai jarrabawa. Ban taɓa ganin mai ilimi da ya sauke kansa ga ma'aikaciyar jinya kamar kai ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, abin ya yi min daɗi har ya wuce kima, na saba da cewa tawa ce ta ƙarshe.

Mutanen cikin gari sun fi saninka da gadon lungu. Asalinsa wata baiwar Allah ce daga Sheshe, Halima, da aka kawo mana tana jijjiga da cikin wata tara. Mota ba ta shiga lungunsu, sai maza huɗu suka naɗo ta a tabarma suka ɗauko, a rigingine, tana shaƙar abin da take amayarwa. Mun ceto ta, ba mu ceto ɗan ba. Kwana biyu ina mita, duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ji, har da kai da ka zo gyara famfo. Bayan sati na ji labari an ga Injiniya da tef ɗin awo yana auna faɗin lunguna bayan La'asar, daga Soron Ɗinki zuwa Sheshe, mutane suna tambayarsa ko gwamnati ce za ta yi rusau.

Gadon farko da kuka haɗa da mai walda, na manna masa ja tun daga nesa. Na ce maka ba macen da za ta yarda a ɗora ta a kan wannan, makara ce kawai aka sa wa taya. Na kuma ce mai jijjiga a gefen hagu ake kwantar da ita, ba a rigingine ba, sannan matar aure ba za ta so a ratsa unguwa da ita kowa yana kallonta ba. Ka rubuta duk abin da na faɗa. Sau huɗu kana komawa da shi. Na biyar ya zo da shuɗin fenti da katifa, da matokari mai riƙe mace a gefenta, da labule, da ƙugiyar rataye ƙarin ruwa. Aka ajiye shi a zauren mai unguwa. Yau guda uku ne a cikin gari, kuma ban san adadin matan da suka iso hannuna da rai a kansu ba. Da aka ce a rubuta sunanka a jiki ka ƙi, ka ce rabin aikin na Sista Hajo ne, ita kuwa in aka rubuta nata kaɗai za ta ce rubutun ya karkace.

Haka muke tsokanar juna. Ni ina ce maka karan dawa saboda rashin jiki, kai kana ce min Alƙaliya. Kowa a asibitin ya san kai ne mai lafiyar cikinmu. Keke kake hawa zuwa aiki, duk Asabar da safe kana hawa Goron Dutse har ƙololuwa ka sauko, ba ka shan lemon kwalba, ba ka da tumbi kamar sa'o'inka. Kowa kuma ya san kana tsoron allura. Mutumin da zai farke injin hoto ya mayar da shi ba tare da ƙusa ɗaya ta yi saura ba, in ya ga nas ta zuƙo magani a sirinji sai ya juya yana karanta kalandar bango. Mun yi maka dariya a kan wannan shekara da shekaru, ba wadda ta taɓa tambayar kanta yaushe rabon mai irin wannan tsoro da ya miƙa hannu a duba shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa nake rubutu.

A cikin watan Fabrairu, wata safiyar Talata, ranar awon ciki, ka shigo da injinan awon jini guda uku masu batir, waɗanda suka daɗe a ajiye ka tashe su. Mata sun fi ɗari a kan benci, nas biyu ba su zo ba, ni ina ta ɗaga murya. Al'adarka ce ka fara ɗaura duk injin awo a damtsenka a gabana kafin ka miƙo min, amma waɗancan na hannu ne, ka hura iska ne kawai ka ga ko suna yoyo. Waɗannan kuwa su suke karanta lamba da kansu. Ka ɗaura na farko ka danna. Ya nuna ɗari da casa'in da shida a kan ɗari da sha takwas.

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na karɓa na ɗaura a hannuna, ya nuna ɗari da ashirin da huɗu a kan tamanin. Ka ɗaura na biyu, ya ba ka ɗari da casa'in. Na uku ma kusan haka.

Ka ce, "Sista, na fa gwada su da babban ma'auni a shago, ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu lau."

Na ce, "Haba Injiniya, wane irin lafiya lau? Mai hawa Goron Dutse duk sati ne zai kai ɗari da casa'in yana tsaye yana min surutu? Ai da tuni ka zube. Injin da zai ba ni daidai ya ba ka shirme ya fi mataccen inji haɗari. Gobe sai ya ce wa mai shirin jijjiga lafiyarta ƙalau, in sallame ta ta je ta mutu a gida."

Na jawo jan salatif na manna wa duka ukun.

Ma'aunin hannu yana cikin durowar da gwiwata ke taɓawa. Abin sauraren ƙirji yana rataye a wuyana. Minti biyu ne aikin. Kuma a wannan safiyar, kafin ka shigo, ni ce na tsaya gaban matan nan ina gaya musu cewa hawan jini ba ya nunawa a fuska, ba ruwansa da siriri ko mai ƙiba, ba a saninsa sai an auna. Duk Talata sai na faɗi wannan, shekara goma sha ɗaya. Na faɗa wa mata ɗari, na juyo na kalli fuskarka na yanke hukunci da ido.

Ka tsaya kana kallon lambar, ka ɗan daɗe. Ka buɗe baki ka ce, "Ko dai ni ne…" sai na ɗaga murya na kira mace ta gaba. Na ji ka sarai, Injiniya. Ba zan ce ban ji ba. Da na sake ɗagowa kana naɗe robobin kana sa su a jaka, kuma na ga sauƙi a fuskarka, irin na wanda aka ce masa ba sai an yi allurar ba. Ka san injinanka ba su yi ƙarya ba, amma ka fi son maganata, kuma dokar da ka kafa da bakinka ta ce in na manna ja ba musu.

Sau biyu ka sake kawo su, cikin azumi da kuma bayan Sallah. Ka ce ka farke su ka mayar, ba ka ga komai ba. Ba ka sake ɗaura su a hannunka ba, ni ma ban lura da haka ba sai yanzu. Na ce ka sa su a sito, in na samu sarari zan gwada su a kan majinyata. Ban samu sararin ba, domin ban neme shi ba. A tsakanin nan sau uku ka leƙo kana murza ƙeya kana neman maganin ciwon kai. Na ba ka, na ce zafin gari ne da rashin shan ruwa. Da wata mai ciki ce ta ce min ƙeyarta na sara, da ba ta bar ɗakin ba sai na auna ta sau biyu.

Kwana uku da rasuwarka na karɓi makullin sito na ɗauko su. Duk matar da ta shigo ɗakinmu ranar, na auna ta da na hannu, na auna ta da naka. Hannu talatin da bakwai. Ina ta fatan ko guda ɗaya ya saɓa, in samu abin da zan riƙe. Ba wanda ya saɓa. Na rufe ƙofar ofis na ɓare jan salatif ɗin da farce, na manna kore, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka turo ka.

Ranar addu'ar uku na je gidanka, mutane sun yi yawa, na ce sai bakwai. Ranar bakwai na samu maiɗakinka, Hajiya Khadijat, ita kaɗai a ɗaki da carbi. Na zauna kusa da ita ina tattara kalmomi. Sai ta riga ni. Ta kama hannuna ta ce, "Sista, Allah Ya saka miki da alheri, ba shi da zance sai naki. Tun kafin azumi nake fama da shi ya je a duba shi, don ciwon kan nan ya ƙi barinsa. Sai ya ce min, ke kwantar da hankalinki, Sista Hajo ta ce injin ne, ni garau nake. Ya ce idonki ba ya kuskure. To ni ma da na ji ke kika faɗa, sai na bar maganar." Ba da zargi ta faɗa ba. Godiya take yi min, don a ganinta ciwon ɓoyayye ne har ya ɓuya ga irina. Na ce mata Allah Ya ba da haƙuri, na tashi na fito, na kasa gane takalmina a bakin ƙofa.

Na san abin da za a ce min, kuma gaskiya ne. Ajali ba ya gaba ba ya baya, da na auna shi da ban auna ba, ranarsa ita ce ranarsa. Na yi imani da haka. Amma na kuma san ƙwaya nawa ake ba mai irin wannan jinin, na san mutane nawa suka ga auren jikokinsu a kan ƙwayar nan, kuma na san ilimin da Allah Ya ba ni amana ce da za a tambaye ni a kanta. Kwanakinsa na Ubangijinsa ne, sakacin kuwa nawa ne, ba zan laɓe a bayan ƙaddara in ɓoye shi ba.

Tun daga wannan satin, ba ma'aikacin da ke wuce ƙofar ɗakina ban tsayar da shi na auna ba, masu shara da direbobi da masu gadi da abokan aikinka na shago. Da injinanka nake auna su. Mutum tara na samu jininsu ya hau ba su sani ba, duk an ɗora su a kan magani. Wasu suna ce min in ɗauki wannan a matsayin sanyin zuciya. Ban ji sanyin ba tukuna. Ina dai roƙon 'yan'uwana ma'aikatan jinya, in inji ya faɗi abin da ba ku so a kan mutumin da kuka saba da shi, ku ajiye sabo ku ɗauko na hannu ku auna.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗayyabu ya zo Maka. Ka san matan da suka tsira a kan gadon da ya ƙera, Ka san jariran da suka yi ɗumi a kwalaben da ya tasa, mu ba mu san adadinsu ba. Ka sanya su duka a mizaninsa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, Hajiya Uwani, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta, Allah Ya dafa mata. Ina yi wa 'ya'yansa, Abdulmalik da Ikram, Allah Ya raya ku a kan halin mahaifinku, Ya zame muku gata. Ina yi wa 'yan'uwansa, da abokan aikinsa, da jama'ar Soron Ɗinki da Sheshe baki ɗaya.

Ke kuma Hajiya Khadijat, ke kika yi gaskiya tun kafin azumi. Ciwon bai ɓuya ba, sau uku ya nuna kansa a gabana, ni ce na ƙaryata shi, kuma maganata ce ta sa kika yi shiru. Ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu, zan zo in durƙusa in maimaita miki wannan da bakina. In kin yafe min, Allah Ya ba ki ladan masu yafiya. In zuciyarki ba ta iya ba tukuna, haƙƙinki ne, zan jira. Shi kuwa da ba zan iya roƙonsa ba yanzu, ina roƙon Allah Ya ji ƙansa, Ya kuma sa ya yafe min ranar da za mu tsaya.

Hajo Mikail
Goron Dutse, Kano